Awa biyar a National Gallery ta Landan

Ƙanwata da ke karatu a Landan ce ta matsa mini lamba, ta ce "Yaya, kada ka koma gida ba ka leƙa National Gallery ba." Gidan adana zane-zane ne, yana bakin dandalin Trafalgar, shiga kyauta ce, sai dai a duba jakarka a ƙofa. An kafa shi a 1824, kuma yana ɗauke da zane-zane sama da 2,300, daga tsakiyar ƙarni na 13 zuwa wajen 1900. Na shiga da niyyar yin awa ɗaya, ban fito ba sai da aka kusa rufewa da ƙarfe shida.

Tsofaffin ɗakunan kusan duk zanen coci ne, Nana Maryam da Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. A matsayina na Musulmi zuciyata ba ta natsu da ganin an zana annabi ba, don haka ban daɗe a nan ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne shuɗin mayafan. Daga wani dutse mai suna lapis lazuli ake niƙa shi, dutsen kuwa daga tsaunukan Afganistan ake kawo shi, tsadarsa a wancan zamani tana gogayya da zinariya.

Zanen da ya sace mini zuciya ƙarami ne, tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Jan van Eyck ne ya zana shi a 1434: ɗan kasuwa Arnolfini da mace sanye da koriyar riga mai ninki-ninki, ga ɗan kare a ƙafafunsu, ga lemo a bakin taga. A bango akwai madubi mai kumburin ciki, gefensa an rataye wani abu kamar carbi. Da na matsa kusa sai na ga mutum biyu a cikin madubin, tsaye a bakin ƙofa, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Sama da madubin mai zanen ya rubuta cewa shi ma yana wurin. Na fi minti ashirin a gabansa.

Sai kuma zanen jakadu biyu na Hans Holbein, na 1533. A ƙasansa akwai wani abu dogo, a karkace, kamar fenti ya zube. Ƙanwata ta ja ni gefen dama, ta ce in leƙa daga can. Ashe ƙoƙon kan mutum ne. Ga manyan mutane cikin kayan alfarma, ga darduma irin ta Turkiyya a kan tebur, ga mutuwa kwance a gabansu. Tsikar jikina ta tashi.

Furannin Van Gogh na 1888 kuwa, da ƙyar na gan su, saboda cincirindon masu ɗaga waya. Kowa hoto yake ɗauka ya wuce. Mai zuwa da yara ya sani akwai zane-zanen tsiraici a ɗakuna da dama, gara ya shirya hanyarsa tun daga taswirar gidan.

Ranar Juma'a ba a rufewa sai ƙarfe tara na dare. Bayan sallar Juma'a na sake komawa, kai tsaye na nufi madubin nan na Van Eyck.