Wasiƙa daga Ingila: Kwamfuta a Bakin Gadon Mara Lafiya

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau sai sanyi, ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu.

Saƙonka ya same ni ina aikin dare. Ka ce an sa ka a kwamitin da zai duba batun mayar da fayilolin marasa lafiya cikin kwamfuta a asibitinku, kana son jin yadda likitocin asibitocin gwamnati na nan suka karɓi abin, da son ransu ne ko dole ce ta sa. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na bari sai da na samu hutu na zauna na rubuto maka.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Ban daɗe da kama aiki a nan ba, motar asibiti ta kawo wata tsohuwa wajen ƙarfe biyu na dare, zazzaɓi ya rufe ta, ba ta san inda kanta yake ba. Maƙwabcinta ne ya kira motar, ko sunan magani ɗaya cikin waɗanda take sha bai sani ba. Na zura katina a kwamfuta, na buga sunanta da ranar haihuwarta, sai lambarta ta NHS ta fito, wato hukumar lafiya ta gwamnati. Lamba ce mai alƙaluma 10, da ita mutum yake tafe duk asibitin da ya je a Ingila. Kafin nas ta gama ɗaura mata ruwa na ga tana shan maganin tsinka jini, na ga awon ƙodarta na watan da ya wuce, sannan ga gargaɗi a saman allo cewa jikinta ba ya karɓar fenisilin. Wallahi Yaya, shi ne maganin da nake shirin rubutawa. Na canza zuwa wani, na rage yawansa saboda ƙodar. Kwana biyu bayan haka na tarar da ita zaune tana neman a ƙara mata madara a shayi.

Da na tashi aiki ina cikin bas, ba wanda ya faɗo mini a rai sai wani dattijo mai ciwon suga da yake zuwa daga ƙauye, a asibitin da na yi aiki kafin in taho. Ya fito tun asuba, ya biya kuɗin mota, ya bi layin kati, sai wajen sha ɗaya aka ce an duba ba a ga fayil ɗinsa ba. Aka buɗe masa na wucin gadi, falle biyu. Duk awon da ya sayar da gero ya yi a bara ya tafi tare da tsohon fayil. Na sake rubuta masa su. Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallonta, ya ninke ta ya sa a cikin hula, ya yi mini godiya ya fita. Ban sake ganinsa ba. Ba na ɗora laifi a kan ma'aikatan ɗakin kati, ka san ɗakin, fayil har rufi, ƙura da gara, mutum uku suna hidimar ɗaruruwa. Takarda ce ta kai iyakar abin da za ta iya.

Saboda haka in ka tambaye ni ko zan koma takarda, ba zan koma ba. Abokan aikina ma, har waɗanda suka fi kowa ƙorafi, ban taɓa jin wanda ya ce a dawo da ita ba. An huta da wahalar karanta rubutun hannun likita. Hoton ƙirji kana ganinsa daga kowane ɗaki, babban likita yana gida zai duba ya ba ka shawara ta waya. Likitan unguwa, wanda suke kira GP, in ya rubuta magani kai tsaye yake tafiya kantin maganin da mara lafiya ya zaɓa, ya je ya karɓa. A Ingila ana biyan fam 9.90 kan kowane magani, mai tsada da mai araha duk ɗaya, yara da masu ciki da waɗanda suka kai shekara 60 kuwa kyauta ne. Akwai kuma manhajar NHS ta waya da aka buɗe wa jama'a a 2019, mutum yana ganin sakamakon awonsa a ciki. Wannan kam wani lokaci mara lafiya yakan riga ka gani, ya kwana cikin fargaba kafin a yi masa bayani, kuma abin yana damuna.

To amma kada ka ɗauka dare ɗaya suka kai nan. Likitocin unguwa sun rungumi kwamfuta tun shekarun 1990, yau kusan dukkansu suna kan ɗaya daga cikin manhajoji biyu, EMIS ko SystmOne. Asibitoci ne suka yi ta jan ƙafa. A 2002 gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri na haɗa bayanan marasa lafiya na Ingila gaba ɗaya. Daga Landan aka tsara, aka ba manyan kamfanoni kwangila, ba a tsaya an saurari likitoci da nas-nas da za su yi aiki da shi ba. A 2011 aka sanar da wargaza shi, kuɗin da ya ci kuwa ya doshi fam biliyan 10. A 2013 ministan lafiya na lokacin, Jeremy Hunt, ya ce zuwa 2018 za a rabu da takarda. Shekarar ta zo ta wuce, a ƙarshenta ma sai da gwamnati ta hana asibitoci sayen sababbin injinan fakis, don har lokacin da su ake aika takardu. Asibitin Addenbrooke's na Cambridge shi ya fara sa manhajar Epic ta Amurka a ƙasar, a Oktoba 2014, kuma ya sha wuya sosai a shekarar farko kafin abubuwa su daidaita. Na kawo maka wannan tarihin ne don kwamitinku ya ga cewa ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, kuɗi kuma akwai, ita ma ta yi tuntuɓe a daidai inda aka tsallake ma'aikata.

Yanzu ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Na farko lokaci. Da safe in za mu zagaya marasa lafiya, kwamfuta ce a kan keke muke turawa daga gado zuwa gado. Wata rana batirinta ya mutu, wata rana ka sa kalmar sirri ka tsaya kana kallon allo yana juyawa, babban likita ya riga ya kai gado na uku. Abin da a gida za ka rubuta a layi biyu, nan sai ka cike akwati goma, wasu don amfanin mara lafiya, wasu don ofishin lissafi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya, yana yin kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Namu bai kai nasu cika fom ba, tunda ba mu bin kamfanonin inshora kuɗi, amma da na karanta na ga kaina a ciki.

Sai gargaɗi. Manhajar tana yi maka ƙara a kan komai, babba da ƙarami, har hannu ya saba da rufe akwatin tun ido bai karanta ba. Gargaɗin da ya ceci tsohuwar nan yana iya nutsewa cikin ɗari marasa amfani. Sai kwafe-kwafe: a ɗauko bayanin jiya a manna shi yau, kuskuren ranar Litinin ya kai Juma'a ba wanda ya lura. Sannan har yau ba dukkan manhajojin ne ke magana da juna ba. Mara lafiya ya yi awo a wani asibiti mai nisan mil talatin, mu ba ma gani, sai mun buga waya muna roƙo a turo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa, wani dattijo Bature ne a asibitin ganin likita. Yana ba ni labarin ciwonsa ina bugawa, sai na ji ya yi shiru. Na juyo, ya ce, «Likita, tun da na shigo fuskarka ban gani ba.» Ya yi gaskiya. Na tuna yadda ka koya mini ina ɗalibi, cewa a fara da gaisuwa, a tambayi gida, a kalli yadda mutum ya zauna da yadda yake numfashi kafin a taɓa biro. Tun ranar nake juya allon ta yadda mu biyu za mu gani, in saurara tukuna, sannan in ce masa bari in rubuta abin da ka faɗa. Yana ƙara mini minti biyu ko uku a kan kowane mutum, kuma na ga ya dace a biya wannan kuɗin.

Kwamfuta ba ta rage layi ba. A 2023 jerin masu jiran aikin tiyata da ganin ƙwararru a Ingila ya haura miliyan 7 da rabi. Mutum yana ganin sunansa a waya sarai, wata da watanni yana jira.

Batun da nake so ka fi riƙewa shi ne ranar da abin ya tsaya. A Mayu 2017 wata muguwar manhaja ta masu neman kuɗin fansa, WannaCry, ta shafi kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin Ingila, aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kusan 19,000. A Yuni 2024 masu kutse suka afka wa Synnovis, kamfanin da ke yi wa wasu manyan asibitocin Landan awon jini, har aka shiga roƙon masu jini rukunin O su zo su bayar. Wanda ya fi kusa da yanayinmu na gida shi ne na Yuli 2022: zafi ya haura digiri 40 a karon farko a tarihin Birtaniya, na'urorin sanyaya ɗakunan ajiyar bayanai na asibitocin Guy's da St Thomas' suka gaza, ma'aikata suka koma takarda na tsawon makonni. Digiri 40, Yaya. Watan Afrilunmu ke nan na kowace shekara.

Don haka in da ni ne a kujerarka, kafin a yi maganar wace manhaja za a saya, zan tambayi wuta. Ɗakin da uwar na'urar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da dukkan bayanan, za ta zauna yana da sola da batir nasa na kansa, ko yana jiran janaretan asibiti da ake kashewa in dizal ya yi ƙasa? Ka fi ni sanin yadda kuɗin wuta ya yi wa asibitoci tun ƙarin da aka yi wa 'yan rukunin A, waɗanda aka fi ba wuta, a Afrilu 2024. Zan nemi manhajar da ke aiki a cikin asibiti ko da intanet ya yanke. Zan tambayi wanda zai gyara in ta tsaya ƙarfe uku na dare, yana garin ne ko sai an kira Legas. Likitan da ya ga mutum tamanin a rana, in allo ya riƙe shi minti ɗaya a kan kowane, zai koma biro kafin sati ya zagayo, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Kada a fara da asibiti gaba ɗaya. Ɗakin kati, lab da famasi, in waɗannan ukun suka tsaya da ƙafarsu, likitoci da kansu za su nemi a kawo musu. A sa nas-nas da ƙananan likitoci a kwamitin, su ne za su fi kowa taɓa madannai. Ma'aikatan kati a horar da su, a gaya musu a fili cewa ba korarsu za a yi ba. Ku leƙa sashen masu cutar HIV ma, sun daɗe suna aiki da kwamfuta, sun san inda take ciwo a yanayinmu. Kuma kowa da kalmar sirrinsa. A nan duk fayil ɗin da ka buɗe sunanka yana nan, in ka leƙa na maƙwabci ko na dangi ba da dalilin aiki ba kana iya rasa aikinka. A garin da kowa ya san kowa, mace ba za ta faɗi ciwonta ba in tana tsoron ɗan unguwarsu zai karanta. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, sai dai a aikace ku ne za ku tsare.

Akwai fom ɗin takarda da muke ajiyewa a kowane ɗaki don ranar da kwamfuta ta tsaya, da tsarin yadda ake shigar da bayanan in ta dawo. Zan rubuto maka yadda aka tsara su kafin zamanku na gaba. Kai kuma ka turo mini adadin gadajenku, da awa nawa kuke samun wuta a rana, da sunan manhajojin da aka kawo muku talla, in tambayi masu kula da kwamfutocinmu ra'ayinsu.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata ta riƙa shan maganin hawan jinin ko da ta ji sauƙi. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka.