Sharhina kan zaman shawara da nake zuwa tun da aka fara min kemo

'Yan uwa mata masu fama da kansar mama, in asibitinku na da sashen masu ba da shawara kan damuwa, don Allah ku nemi a haɗa ku da su, ni kam ya amfane ni sosai duk da akwai inda suka gaza.

Nas ce ta tura ni bayan an yi min aiki an cire mama ɗaya. Matar da na samu ta miƙo min takarda mai zanen ma'aunin zafi daga 0 zuwa 10, wai in nuna inda damuwata ta kai a satin nan, duk wadda ta kai 4 ko sama sai an zauna da ita sosai. A takardar akwai su barci, tsoro, kula da yara, zama da maigida. Wallahi ganin an sa zancen maigida a takardar asibiti shi ya buɗe min baki, don abin da ke cina kenan na rasa wa zan gaya wa.

A gida kowa ki yi haƙuri, ki yi haƙuri, kuma na san don ƙauna suke faɗa, amma ba mai son jin cewa tsoron madubi nake, ko kuma in na ga gashina a kan filo sai in shige banɗaki in yi ta kuka. Ita matar nan ba ta katse ni, sai na gama tas sannan ta ce kuka ba rashin tawakkali ba ne. Ita ta fahimtar da ni cewa rashin barcin da nake bayan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake sa mana ta jijiya, har da aikin dexamethasone da ake ba mu don hana amai, ni da nake zaton kaina ne ya fara taɓuwa. Ta ce in tunani ya taso da dare in rubuta, gefe ɗaya abin da likita ya faɗa da bakinsa, ɗaya gefen abin da zuciyata ta ƙara, kuma kullum na zuciyar ya fi tsawo. Ga numfashin da ta koya min, a hankali ta hanci, da shi nake daurewa in nas na neman jijiya, don ni tun daga ƙofar ɗakin kemo warin maganin goge hannu ke tayar min da zuciya.

Akwai kuma zaman rukuni. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar nan a 2022, amma ranar da aka gaya miki ji za ki yi ke kaɗai ce, sai da na zauna da wata baiwar Allah da ke shan tamoxifen, maganin da akan sha shekara 5 zuwa 10 don rage yiwuwar dawowar cutar, tana fifita da mayafi tana ba mu labarin zufar dare da maganin ke sa ta, sannan hankalina ya ɗan kwanta.

Inda suka gaza, sun zo a makare. Tun ranar da aka ba ni sakamako ya kamata a haɗa ni da su, lokacin ne na fi shiga tashin hankali. Sannan ba su da zama na mazaje, maigida ya rame shi ma yana ta ɓoyewa ba wanda ya tambaye shi ya yake ji. Na yi musu ƙorafin wannan kuma zan sake yi a zama na gaba.