Harsashin .327 Federal Magnum: sai mai ɗura wa kansa zai ji daɗinsa

Kamfanin Federal ne ya fito da wannan harsashi tare da kamfanin ƙera bindigogi na Ruger a ƙarshen 2007, kuma ƙaramar bindigar da aka fara yi masa ita ce SP101, irin mai ganga mai juyawa. Ita nake amfani da ita a filin harbin da nake zuwa a nan Amurka. Abin da ya fara jan hankalina shi ne gangar tana cin harsashi shida, alhali 'yar'uwarta ta .357 Magnum biyar take ɗauka, saboda wannan ya fi siranta. Kaurin kan harsashin inci 0.312 ne.

Wajen harbi ba ya dukan tafin hannu kamar .357, don haka saiti ba ya gocewa sosai tsakanin harbi da harbi. Amma ƙara! Matsin da aka ƙayyade masa ya kai psi 45,000, na .357 kuwa 35,000. A rufaffen ɗaki sai na toshe kunne sannan na ɗora abin rufewa a kai, duk da haka na kusa da ni sukan waiwayo.

Inda ya saye ni shi ne kan teburin ɗuri. Na shago ba ya samuwa kullum, in ma an samu da tsada, shi ya sa nake ajiye kwanson tagullar, in wanke, in sake ɗurawa. Kwanson dogo ne siriri, kuma yana son natsuwa. Idan ba ka buɗa bakinsa daidai ba kafin ka dasa kan harsashin, sai ka ga gefensa ya lanƙwashe, ka yi asararsa. Albarushi kuwa ba a yi masa kintace: abin da littafin masu kamfani ya rubuta shi nake bi, daga ƙasa nake farawa, kuma kowane awo sai ya hau sikeli. A ƙaramin kwanso mai irin wannan matsi, ɗan ƙari kaɗan ba ƙaramin abu ba ne. Nakan haska fitila cikin jerin kwansunan don in duba yawan albarushin kafin in rufe ko ɗaya.

Bindigar tana kuma karɓar .32 H&R Magnum na 1984 da tsohon .32 S&W Long, wanda laushinsa ya dace da mai koyo. Sai dai gajeren kwanso yana barin zoben baƙin datti a cikin ramukan gangar, kuma in ba ka goge da buroshi ba, dogon zai ƙi shiga yadda ya kamata.

Wanda yake son ya shiga shago ya sayi kwali ya wuce, ya nemi harsashin 9mm ko .38 Special. Ni dai na riga na yi odar wasu kwansunan, da kan harsashi na dalma mai nauyin giren 100 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne).