Korg TM-60: yadda take taimaka mini wajen atisayen kilarinet

Ni ke koyar da yaran bandin wata sakandare a Birnin Kebbi, abin busata kuma kilarinet ce. Wani ƙanena ne ya aiko mini da Korg TM-60 daga Legas, 'yar na'ura ta kamfanin Japan wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Aiki biyu take yi lokaci guda: tana auna sautin da ka busa, allura ta nuna maka ko ya hau ko ya faɗi, tana kuma buga maka ƙidaya daga 30 har 252 a minti. Ƙananan batura biyu take ci, AAA, irin na rimot, ko a teburin mai shagon unguwa ka samu.

Da sassafe, kafin yara su cika makaranta, nakan shiga ajin da ba kowa. Rid ɗin, wato ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa, yana cikin bakina yana jiƙa ina harhaɗa gaɓoɓin. Sai in sa ƙidaya a 60, in kama sautin E ta can ƙasa in ja ta tsawon bugu takwas: a hankali, ta yi ƙarfi, ta sake lafawa. A nan na fi ganin amfanin na'urar. Halin kilarinet ne idan ka matsa mata iska sautinta ya ɗan faɗi, idan ka sassauta ya ɗan hau. Kunne yana iya yi maka kara, allura ba ta yi. Ina hawa ɗaya bayan ɗaya, sannan in taɓa makullin babban yatsa ba tare da na motsa leɓe ba, E ta koma B, F ta koma C, don kilarinet tsallen sauti goma sha biyu take yi, ba takwas ba.

Yanayin garinmu ma sai da na'urar ta nuna mini shi ƙarara. Safiyar hunturu allura tana kwance hagu har sai bututun ya ɗumama da numfashi. A watan Afrilu kuwa, zafi ya haura 40, sai ta tsere dama, dole in ɗan zaro gajeriyar gaɓar da ke ƙarƙashin bakin busa. Ana iya sauya ma'aunin na'urar, wato tsayin sautin A da take auna sauran da shi, daga 410 zuwa 480, amma ni a 440 na bar ta.

Sabon shiga ya lura: kilarinet ɗinmu ta B♭ ce, kana busa C na'urar za ta rubuta B♭. Ba lalacewa ta yi ba.

Wajen sikel, wato hawa da saukar sautuka a jere, ƙidayar ce maigida. Yara suna son gudu, musamman idan faretin ranar yara, 27 ga Mayu, ya matso, amma duk gudunsu yana ƙarewa ne a wuri ɗaya, tsakanin A da B, inda yatsu suke tashi daga kusan babu komai su rufe ramuka gaba ɗaya. Nakan ce, "Musa, mayar da ita 60, sauti biyu kowane bugu, hannun dama ya zauna a rufe." Sai ya haye wurin sumul sau da yawa kafin in ƙara masa huɗu a kan ƙidayar. "Malam, ai na iya," in ji shi. Na'ura dai ta ci gaba da kyas-kyas, shi da kansa ya ji inda ya yi tuntuɓe. Da F da B♭ muke farawa saboda kiɗan fareti, E da B kuwa, masu wahalar da ƙananan yatsu, sai ƙarshen mako.

Wasu yaran sun taso suna kallon masu algaita a fada, suna zuwa sai su cika kumatu da iska. Algaita haka take so, kilarinet ba ta so. Da na gaji da faɗa, sai na riƙa ajiye na'urar gabansu su ga allura tana rawa.

Akwai manhajojin waya masu wannan aiki kyauta, kuma ba laifi. Ni dai caji ya isa ya hana ni atisaye, ga kira yana shigowa ana tsakiyar busa.

Abin da na'urar ba za ta yi maka ba shi ne gaya maka ko sautinka yana da daɗi. Mutum na iya tsayar da allura cak a tsakiya alhali busarsa a shaƙe take. Shi ya sa a ƙarshen atisaye nake sa ta fitar da sauti ɗaya ta riƙe, in juya fuskarta ga bango, in bi da kunne. Wanda kuma zai yi amfani da ita cikin taron bandi, ga masu ƙaho ga masu ganga, ya haɗa da 'yar makirufo mai maƙalewa a faffaɗan ƙarshen kilarinet, akwai ramin jona ta a gefen na'urar. A sama mata jaka mai zif saboda ƙura.