Sharhi: Windows 11 a ofis da tsarin kwamfuta bai ɗaya

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina fitar wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, kuma a ranar ce wa'adin Office 2016 da 2019 ma ya ƙare. Shi ya sa ofisoshi da dama suka karɓi kwamfutocin ma'aikata, suka goge, suka ɗora Windows 11, suka kuma yi amfani da damar suka mayar da su iri ɗaya: manhajoji ɗaya, saiti ɗaya, an karɓe izinin admin, wato ikon girka manhaja da sauya saitin kwamfuta, daga hannun kowa. Bayan na yi aiki a kan irin wannan tsari, hukuncina shi ne Windows 11 ɗin ba shi da wata matsala babba, ya tsaya da ƙafarsa. Wahalar tana fitowa ne daga samfurin da sashen IT ya shirya ya kwafa wa kowa, da kuma abubuwan da gogewa ke tafiya da su ba tare da mai kwamfutar ya san suna nan ba.

A fara da na'urar. A takarda, ana buƙatar RAM mai giga 4, ma'aji mai giga 64, TPM 2.0 (ɓangaren tsaro mai adana makullan sirri), da UEFI (manhajar da ke tayar da kwamfuta) mai iya Secure Boot, wato tantance abin da ke lodi lokacin kunnawa. Furosesa kuma, ta Intel daga zubi na 8, ta AMD daga Ryzen 2000. Nan ne laftof ɗin gwanjo da suka cika ofisoshinmu ke faɗuwa. HP EliteBook 840 G3 da G4 ba sa cikin jerin waɗanda suka cancanta, G5 mai furosesa zubi na 8 tana ciki. Hanyar ganewa a irin waɗannan laftof ita ce lambar farko bayan layin a sunan furosesar: i5-6300U zubi na 6 ce, i5-8250U zubi na 8. Amma kafin a ce na'ura ba ta cancanta ba, a leƙa BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, domin sau da yawa TPM ɗin yana nan a kashe, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan da masu gyara suka iya, sai dai ban ba ofis shawarar bin su ba, tunda Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan na'ura ba. Giga 4 ɗin nan kuwa ya isa kwamfuta ta kunnu ne kawai. Da an buɗe Outlook da Teams da shafuka kaɗan a Edge sai ta fara jan ƙafa. Giga 8 da SSD shi ne mafi ƙaranci na gaskiya, mai aikin Excel mai nauyi kuma a ba shi 16. Wanda na'urarsa ba za ta hau ba yana iya sayen ƙarin wa'adin tsaro na Windows 10, dala 61 kan kowace kwamfutar kamfani a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara har uku. In an lissafa zuwa ƙarshe, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Abin da ya fi muhimmanci ma'aikaci ya tambaya kafin ya miƙa kwamfutarsa shi ne: ɗorawa za a yi a kan tsohon, ko gogewa? In ɗorawa ce, fayiloli da manhajoji suna nan, kuma akwai kwana 10 na komawa baya muddin ba a share foldar Windows.old ba. In gogewa ce, wadda ita ake yi idan ana son tsari bai ɗaya, babu komawa. Yawanci za a ce maka an kwashe Desktop da Documents da Pictures zuwa OneDrive, gaskiya ne kuma. Amma Downloads ba ta cikin waɗannan ukun, alhali nan ne mutane da yawa ke tara takardun da aka turo musu. Sai kuma abubuwan da ke ɓoye a AppData, foldar da ba ta ma fitowa sai ka rubuta %appdata% a wurin adireshi. A can sa hannun imel na Outlook yake, cikin Microsoft\Signatures. A can Normal.dotm yake, wanda ke riƙe da salon rubutun da ka saba da shi a Word. A can PERSONAL.XLSB yake, cikin Microsoft\Excel\XLSTART, kuma duk akawun da ya yi shekaru yana tara makro, wato ƙananan umarni masu yin aiki da kansu, a ciki zai ji rashinsa ranar haɗa albashi. Tsofaffin imel da aka kwashe cikin fayil ɗin PST su ma a kan na'urar suke, ba a sabar kamfani ba. A rufe Outlook kafin a kwafe su, in ba haka ba kwafin zai ƙi ko ya lalace. Alamomin shafuka da kalmomin sirri na Chrome sai an fitar da su da hannu idan ba a shiga da asusu ba. Lasisin manhajar lissafin kuɗi, musamman wadda aka ɗaure da na'ura ɗaya, a nemo lambarsa tun kafin ranar.

Ranar aikin kanta, wuta ce magana. Laftof a cika batirinta a bar ta a jone. Ta kan tebur kuwa kada a fara sai da UPS mai lafiya ko an tabbatar janareto zai kai, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta BIOS na iya kashe na'urar gaba ɗaya. Fayil ɗin girkawa ya haura giga 5, don haka a sauke sau ɗaya a raba ta filasha ko ta sabar cikin gida. A kuma kunna Delivery Optimization, saitin raba sabuntawa tsakanin kwamfutoci, a kan kwamfutocin ofis kaɗai, yadda abin da ɗaya ta sauke sauran za su karɓa daga gare ta maimakon kowacce ta ci data.

Samfurin bai ɗaya kamar anko ne da aka ɗinka wa kowa da awo ɗaya: yana da kyau a ido, amma sai an duba wa aka auna. Wanda aka bari a saitin Amurka yana zuwa da wata kafin rana. Ka rubuta 03/04 kana nufin 3 ga Afrilu, Excel ya ɗauka 4 ga Maris, ka rubuta 25/04 ya ƙi ɗaukarsa a matsayin kwanan wata ya bar shi rubutu zalla. Za ka gane ta yadda wasu ke manne a dama, wasu a hagu a layi guda. Takarda ma tana zuwa a Letter maimakon A4, sai firinta ta tsaya tana ƙyafta fitila ko ta yanke ƙasan wasiƙa. Agogo kuma a sa shi a West Central Africa, in ba haka ba lokutan taro za su kauce. Duk wannan aikin minti kaɗan ne idan an gyara a cikin samfurin, amma in an bari sai an bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Haka ma haruffanmu masu lanƙwasa. Windows na da allon rubutun Hausa, ana ƙara shi daga Time & language, ana sauyawa da maɓallin Windows da sararin rubutu. Wanda ya saba da manhajar allon rubutu ta Keyman kuwa sai sashen IT ya girka masa. Ofishin da ke da masu fassara ko ma'aikatan labarai ya kamata ya sa wannan tun farko, don ɓ da ɗ da ƙ kayan aiki ne a wurinsu.

Firinta da injin kwafi su ne suka fi jawo kira. Windows 11 ba shi da nau'in 32-bit, don haka direban (manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta) da ba shi da na 64-bit ya tashi aiki. Akwai kuma kariyar Memory integrity da ke hana tsohon direba lodi. Kashe ta yana sa na'urar ta yi aiki, amma an rage tsaro ke nan, gara a nemo sabon direba. Tsohon injin kwafi mai tura sikanin zuwa folda sau da yawa SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli, kaɗai ya iya, shi kuma ba ya zuwa a kunne. Daga fitowar zubin Windows 11 mai suna 24H2 an ƙara tsaurara shiga foldar da ake rabawa ba tare da suna da kalmar sirri ba, shi ya sa ma'ajin ofis da ake buɗewa da dannawa ɗaya yake ƙin buɗuwa. Maganin shi ne a buɗe wa ma'ajin asusu na gaske, a sabunta manhajar injin, ko a koma tura sikanin ta imel. Tsofaffin shafukan cikin gida da ba sa buɗuwa sai da Internet Explorer suna aiki ta IE mode a Edge, idan an sa adireshinsu a jerin.

BitLocker, mai kulle ma'ajin kwamfuta, abu ne da nake yaba wa, domin laftof ɗin da aka sace ba za a iya karanta abin da ke cikinta ba. Sai dai sauya wani abu a BIOS ko canza babban allon na'ura na iya sa ta tsaya a shuɗin shafi tana neman lambobi 48. In ba a adana su a asusun kamfani ko wani wuri ba, fayilolin sun tafi, babu mai gyaran da zai fito da su. Kowa ya tambayi inda nasa yake, musamman masu fita aiki ƙauyuka.

Sauye-sauyen fuska ba su kai yadda ake kuka da su ba. Maɓallin Start da ya koma tsakiya ana mayar da shi hagu daga Taskbar behaviors. Danna dama yana nuna gajeren jeri, riƙe Shift yana fito da cikakken. WordPad an cire shi a 24H2. Jera tagogi da maɓallan Windows da Z, da shafuka a File Explorer, suna sauƙaƙa aiki sosai ga mai kwatanta takardu biyu.

Karɓe izinin admin na goyi bayansa, don ta wannan ƙofa ce manhajojin sata da ƙwayoyin cuta suka fi shigowa, kuma kwamfuta in ta lalace ana ba ka wata irinta ka ci gaba da aiki a ranar. Amma yana da sharaɗi: a samar da wurin da ma'aikaci zai girka manhajojin da aka amince da su da kansa, kamar Company Portal ga masu Intune, tsarin Microsoft na kula da kwamfutocin kamfani, a kuma sa wa'adin amsa buƙata. In mai zane zai jira mako biyu kafin a sa masa font ɗaya, zai koma aiki da laftof ɗinsa ta gida da filasha, bayanan ofis su fita ta inda ba a tsare ba. A fara gwada samfurin a kan mutum ɗaya daga kowane sashe, akawu da sakatare da mai kula da sito, su yi cikakken aikin ƙarshen wata da shi kafin a taɓa kwamfutocin sauran.