Makarantar kurame ko firamaren unguwa: wacce za ki kai shi?

'Yar'uwa, tun jiya na karanta tambayarki, na kwana da ita a raina. Kin ce ɗanki shekararsa shida, sanƙarau ya kwantar da shi yana ɗan shekara biyu, ya tashi ba ya ji. Mahaifinsa na son a sa shi firamaren unguwa tare da yayyensa, ke kuma an ba ki shawarar makarantar kurame ta Tudun Maliki a nan Kano, amma zuciyarki ta kasa amincewa da rabuwa da shi. Allah ya saka miki da ladan ɗawainiya. Ƙanena kurma ne, ya yi firamaren unguwa, daga baya ya yi ta kurame, saboda haka abin da zan faɗa miki a gidanmu na gan shi.

Firamaren unguwa tana da alherinta, kuma maigidanki bai yi kuskure da ya hango shi ba. Yaro zai kwana a ɗakinki, ya ci tuwonki, in zazzaɓi ya kama shi ke ce ta farko da za ki gani. Babu kuɗin mota. Yaran layi za su saba da shi, ba za a riƙa nuna shi da yatsa ba. Doka ma tana bayanku: a watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su damar karatu kyauta har sakandare.

Sai dai samun wurin zama a aji daban, samun karatu daban. Shekara uku ƙanena ya yi a firamarenmu. Malamarsa mutuniyar kirki ce, a layin gaba take zaunar da shi. Amma da ta juya tana rubutu a allo tana bayani, shi darasi ya ƙare a wurinsa, don bakinta kaɗai yake kallo. Yara su ɗauka da ƙarfi, "biyu sau biyu huɗu", shi ma ya motsa leɓe yadda ya ga ana yi. Rubutunsa ya fi na kowa kyau, muna ta murna. Wata rana na rubuta masa "ruwa" a littafinsa, na ce da hannu ya nuna mini shi. Ga randa kusa da mu, ga moɗa a kanta. Ya dube ni, ya sake kwafe kalmar a ƙasan tawa, ya miƙo mini yana murmushi. Ashe zane kawai yake yi duk shekarun nan. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka. Ba laifin malamar ba ne, ba a taɓa koya mata yadda ake koyar da kurma ba, ga kuma aji cike maƙil.

Abin da makarantar kurame ta fi ta unguwa da shi guda ɗaya ne, amma shi ne tushen komai: harshe. Yaron da ya daina ji yana shekara biyu bai gama ɗaukar Hausa ba, kuma ba a gina karatu a kan babu. A can zai tarar da yara irinsa suna hira, suna faɗa, suna tsokanar juna da hannu. Hutun farko da ƙanena ya dawo, hannunsa ba ya tsayawa. Ya zo da sunan da abokansa suka raɗa masa da alama, ya raɗa wa kowannenmu nasa, ya ba mu labarin akuyar da ta shiga ɗakin cin abinci. A shekara tara ya fara ba mu labari.

Ki sani cewa yaren hannun da ake koyarwa a makaranta asalinsa na Amurka ne. Wani kurma baƙar fata, Andrew Foster, shi ya yaɗa shi, ya kuma buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Wannan yaren ya bambanta da maganar hannu da kuramen Kano ke yi a kasuwa da majalisarsu. Kada hakan ya dame ki, yara suna haɗa biyun.

Fargabarki kuwa gaskiya ce. Kwana a makaranta ga ɗan shekara shida ba ƙaramin abu ba ne, balle wanda ko an cuce shi bai da kalmar da zai kawo miki ƙara. Makarantun kwana na gwamnati da yawa suna fama da ƙarancin abinci da ruwa, wani lokaci kuma a turo malamin da bai iya yaren hannu ba. Don haka ki je da ƙafarki ranar da ake karatu. Ki tsaya ta taga ki kalli hannun malami: yana magana da shi ne, ko rubutu kawai yake zubawa a allo? Ki tambayi wanda ke kwana da ƙananan yara, ki leƙa bayi, ki tambaya ko akwai malaman da suka karanci fannin koyar da kurame a Jami'ar Bayero, ko Jos, ko kwalejin Oyo. Sannan ki nemi a ba shi damar jeka-ka-dawo. Masu nisa da Kano, akwai makarantar Abdurrashid Adisa Raji a Sakkwato da ta kurame a Malumfashi.

Firamaren unguwa tana yi wa wani yaron: wanda ke da sauran ji, ko wanda ya kurumce bayan bakinsa ya buɗe sosai, in an samu aji marar cunkoso. Shi ya sa kafin komai ki kai shi a auna jinsa, a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada ki sayi na'urar ƙara ji a kasuwa ba tare da awo ba.

In awo ya nuna ba ya ji kwata-kwata, ni dai makarantar kurame zan kai shi, kuma bana, ba baɗi ba. Ki roƙi mahaifinsa ku tafi tare ranar ziyarar farko. Namu mahaifin sai da ya ga wani malami kurma yana koyar da lissafi sannan ya yarda. Ku ma a gida ku zauna ku koya. Duk alamar da ya zo da ita, ki sa ya koya muku bayan sallar magariba, ke da yayyensa da babansa, ko guda biyar ne a rana.