Barin nama kaɗai da barin duk abin da ya fito daga dabba: wanne ya fi wuyar ɗauka?

Ɗan uwanmu ya ce likita ya shawarce shi ya rage jan nama, sai ya ga wasu a intanet suna bin tsarin da Turawa ke kira vegan, yana kuma tambaya ko ya bi wannan ko ya tsaya a barin nama kawai. Malam, tsarin biyu sun yi kama daga nesa, amma nauyinsu a aljihu da jiki da zaman jama'a ba ɗaya ba ne.

Mai barin nama kaɗai ya yi sallama da nama da kaza da kifi, amma yana shan nono, yana cin ƙwai. Shi kuwa tsarin vegan, wanda Donald Watson da abokansa suka laƙaba wa suna a Ingila a 1944, ya haɗa har da madara, man shanu, ƙwai da zuma, kuma masu riƙonsa da gaske ba sa sa takalmin fata.

Ta fuskar cefane babu wani babban bambanci a wajenmu, domin abincin talaka tun asali tsiro ne. Koko da ƙosai, ɗan wake, alale, shinkafa da wake da mai da yaji, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka da daddawa, duk ana iya yin su ba tare da an taɓa dabba ba, kuma wake da gyaɗa da waken suya sun fi nama araha. Kuɗi yana fara zubewa ne idan mutum ya ce sai ya sayi madarar almon ta kwali da naman kwaikwayo na tsiro da ake shigowa da su manyan kantuna, alhali awara tana bakin titi.

Inda hanyoyin suka rabu sosai shi ne jiki. Bitamin B12 ba a samunsa a tsiro ta hanyar da za a dogara da ita, babba kuma yana buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana. Mai shan kindirmo da cin ƙwai yana samun wani kaso daga nan. Wanda ya bar su duka dole ne ya riƙa sayen ƙwayar wannan bitamin muddin yana kan tsarin, kuma abin da ke yaudarar mutane shi ne hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka mutum zai daɗe yana jin garau kafin ƙarancin jini, kasala da mutuwar yatsun hannu da ƙafa su bayyana. Lahanin da ya taɓa jijiya ba kullum yake warkewa gaba ɗaya ba. Mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara su ne suka fi shiga haɗari, kuma ban ga dalilin da za a ɗora musu wannan tsari ba tare da likita yana bibiya ba. Matsalar sinadarin ayon (iron) mai ƙara jini kuwa ta shafi ɓangarorin biyu, tunda na wake da ganye bai kai na nama saurin shiga jiki ba. Lemon tsami ko tumatir a kan abinci yana taimakawa, shayi bayan cin abinci nan take yana rage shi. Kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi ma, mai shan nono ya huta, ɗayan kuma sai ya nema a riɗi da kuka da zogale.

Sai zaman mutane, wanda a ganina shi ne farashi mafi girma. A gidan biki ko suna, mai barin nama zai iya ture tsoka gefe, ko da yake miyar da romo aka haɗa ta, ko ya nemi fura da nono ya wuce wurin. Mai bin tsarin vegan kuwa ko furar ba zai sha ba sai an dama masa da ruwa, tuwon da aka zuba wa man shanu ya haramta masa a tsarinsa, awarar ma sai ya tambayi mai suya ko ta tsoma ta a ƙwai. Ka kwatanta ranar Babbar Sallah: an yanka ragon layya, gwaggo ta aiko da soyayyen nama a kwano da murfi, kai kuma kana neman kalmar da za ka mayar da shi ba tare da an ce ka raina ba. Wannan ranar tana yi wa su biyun nauyi, sai dai na farko yana shan wannan fama ne lokaci-lokaci, na biyu kuma kusan a kowane zama, har da shayin mai shayi da ake zuba wa madara tun kafin ka buɗe baki. Akwai kuma wahalar da ke faɗawa kan uwargida, wadda za ta riƙa ɗora tukunya biyu.

Tunda likitanka rage jan nama ya ce, bai ce ka bar nono da ƙwai ba, ni da zan ba ka shawara sai ka fara da tsarin farko, ka ma tambaye shi ko kifi da kaza suna cikin abin da ya hana. Idan daga baya ka zaɓi na biyu, ka sayi ƙwayar B12 tun makon farko, ka kuma riƙa gwajin jini.